Daga Zauren Liman Zuwa Ajin Jami'a: Tarihin Aikin Asistan Sosiyal da Rabonmu a Cikinsa

 

 Ka shiga ajin ƙarshe na lise ka tambayi ɗalibai abin da kowa ke son zama in ya ci bak. Za ka ji lokotoro, za ka ji injiniya, za ka ji soja, kuma da yake Ɗan Issa garin bakin iyaka ne, za ka ji duwan har ka gaji. Da wuya ka ji wanda zai ce asistan sosiyal. Wasu ma ba su san ana zaman aji shekara da shekaru don wanga aiki ba. A zatonsu duk mai taushin zuciya da ya samu rigar wata ƙungiya da babur, shi ke nan ya zama. Tun da wannan ɗan littafi na tunawa ne da kafuwar ƙungiyarmu, kuma rabin ayyukanmu taimakon marayu ne da marasa lafiya da fursunoni, ya dace mu san inda aikin ya fito da yadda ya zama ilimi mai takardar shaida.

Asistan sosiyal, wanda gidajen rediyo ke kira ma'aikacin jin daɗin jama'a, aikinsa na farawa ne daga inda na likita da alƙali da mushen lakkol ya tsaya. Mace ta kawo yaro asibiti da tamowa, an yi magani ya warke, bayan wata biyu ga ta ta dawo da shi. Likita zai sake ba da magani, aikinsa ke nan. To wa zai bi ta gida ya gano cewa mijin ya tafi ci-rani ya kulle rumbu, ko kuwa abincin da aka ba yaro ɗaya yara biyar ke raba shi? Wa zai rubuta abin da ya gani, ya san ofishin da za a kai maganar, ya kuma dawo bayan sati biyu ya duba ko an yi? Wannan mutum shi muke magana a kansa.

Kafin a zo da lakkol

Kada wani ya ce maka taimakon mabukaci baƙo ne a ƙasar Hausa. Akwai gayya, akwai biki da gudunmawa, akwai adashi, akwai damin zakka da ake fitarwa tun a gona kafin hatsi ya shiga rumbu. Gwauruwa da marayunta suna da kawu ko baffa da al'ada ta ɗora wa nauyi. Baƙon da dare ya yi masa, zauren mai unguwa ko na liman yake nufa, kuma ba ya kwana da yunwa.

Addini kuwa bai bar abin ga tausayi kawai ba, sai da ya yi masa tsari. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙididdige kashi takwas na waɗanda ake ba zakka, kuma a cikinsu akwai masu aikin tattara ta da raba ta. Ka tsaya nan ka yi tunani. Tun farkon Musulunci an san cewa kai haƙƙi ga mai shi aiki ne da ke cin lokacin mutum, har ya cancanci a biya shi a kansa. Malaman fiƙihu kuma suka zauna suka rarrabe tsakanin faƙiri da miskini. A mazhabarmu ta Malikiyya, faƙiri shi ne wanda abin hannunsa ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa ba shi da komai. Ba za ka iya rarrabe su daga kan tabarmarka ba, dole ka bincika. Wannan binciken shi ne ƙashin bayan aikin asistan sosiyal har gobe.

Malaman tarihi sun kawo wani labari na Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da nake so ka riƙe, don za mu sake bukatarsa. A zamaninsa baitulmali na ba yaro kaso idan an yaye shi. Wani dare yana zagaye ya ji jariri na ta kuka, ya tambayi uwar, sai ya gane tana tilasta masa yaye ne tun lokaci bai yi ba don ya shiga cikin masu samun kason. Umar bai tsaya ga zargin uwar ba. Ya gane dokarsa ce ta jawo, sai ya canza ta, ya ce a riƙa ba kowane yaro tun ranar haihuwa. Niyyar dokar farko mai kyau ce. Abin da ya tona aibinta fita ce da dare da sauraron mace guda.

Sai dai duk wannan tsari namu na gargajiya yana tafiya ne a kan sanayya. Liman ya san gidan da ba a ɗora tukunya ba saboda ya san kowa da kakan kowa. Idan masifa ta game gari gaba ɗaya, mai bayarwa ya koma mai nema, ko kuwa gari ya cika da baƙin da ba wanda ya san asalinsu, sai tsarin ya kasa. Haka aka gani a yunwar 1913 zuwa 1914 wadda Hausawa suka sa wa suna Kakalaba, haka aka sake gani a farin 1973 da 1974.

Yadda ya zama karatu

Abin da ya mai da taimako sana'ar da ake koyo shi ne irin wannan rushewar sanayya, amma a manyan biranen Turai da Amurka. Masana'antu suka jawo mutanen ƙauye zuwa birni, suka cunkushe a unguwannin da maƙwabci bai san maƙwabci ba. A Landan ƙungiyoyin sadaka sun yi yawa, kowace na rabonta, wani gida ya karɓa daga wuri biyar, wani bai samu ko ɗaya ba. Ko ka ga kama da rabon kayan azumi a wasu garuruwanmu? A 1869 aka kafa wata ƙungiya a can mai suna Charity Organisation Society don ta daidaita abin: a je gida, a tambaya, a rubuta, a ajiye takarda. Tana da babban aibi, don ta cika raba talakawa gida biyu, waɗanda take ganin sun cancanta da waɗanda take ganin su suka ja wa kansu. A Shikago kuwa wata mace, Jane Addams, ta bi wata hanya dabam. A 1889 ta buɗe gidan Hull House a tsakiyar unguwar baƙin haure, ta zauna cikinsu, ta kuma yi ta fafutukar a gyara dokokin aikin yara da na gidajen haya. Daga waɗannan hanyoyi biyu aikin ya gaji hannuwansa biyu: kula da matsalar mutum ɗaya, da neman gyaran abin da ke haifar da matsalar.

Karatun kansa ya fara da wani ɗan kwas na bazara a New York a 1898, sannan aka buɗe cikakkiyar makaranta a Amstadam a 1899. A 1917 Mary Richmond ta fitar da littafinta Social Diagnosis, wanda ya tsara yadda ake tattara bayani a kan halin mutum, a auna shi, kafin a yanke abin da za a yi masa.

Mu da ke zaune tsakanin Maraɗi da Katsina, abin da ya fi shafarmu shi ne bambancin hanyar Faransa da ta Ingila, don har yau muna ganin sawunsa. Faransa ta kafa takardar shaidar gwamnati ta wannan aiki a 1932. A 1938 ta haɗe ta da ta ma'aikatan jinya masu ziyarar gidaje, waɗanda ke yaƙi da tarin fuka da mutuwar jarirai. A 1946 doka ta hana kowa ɗaukar sunan asistan sosiyal in ba shi da takardar, ta kuma wajabta masa riƙe sirrin mutane. Ka ga ke nan a gidan Faransa aikin ya tashi ne a jikin asibiti. A Najeriya kuwa ta ƙofar kotu ya shigo. Lokacin yaƙin duniya na biyu yaran titi suka yi yawa a Legas, aka ɗora wa wani Bature mai suna Donald Faulkner kula da su, kuma a 1943 aka yi dokar yara da matasa wadda ta kawo kotun yara da gidajen gyaran hali. Shi ya sa a Katsina ko Kano in an ce ofishin jin daɗin jama'a, abin da ke zuwa zuciya shi ne rikicin aure da yaron da ya gagara, a nan kuwa sai ka tuna da awon ciki da awon jarirai.

A Nijar

Abin da Turawan mulki suka bari ɗan kaɗan ne, kuma na masu albashi ne. Bayan dokar ƙwadago ta 1952 aka kafa asusun ba ma'aikata kuɗin iyali, wanda ya zama CNSS a 1965. Manomin Ɗan Issa da matarsa ba su shiga wannan lissafi ba. Gwamnatin Diori Hamani ta gwada wata hanyar a shekarun 1960, wato wayar da kan mutanen karkara ta hanyar zaɓen wasu daga cikinsu a ba su ɗan horo. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 sai ya farfaɗo da Samariya, matasa suka gina azuzuwa, suka share gari, suka yi gonakin gayya. Ka tambayi dattawanmu, da yawansu sun yi ta. An yi aiki na gaske, amma aikin ƙarfi ne da umarni daga sama. Samariya na iya gina aji cikin sati guda, ba ta da wanda zai zauna da yarinyar da ta daina zuwa ajin ya ji dalili.

Masu takardar aikin kuwa, bisa gadon Faransa, a makarantun kiwon lafiya aka riƙa horar da su. Makarantar ENSP ta Yamai, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Damouré Zika, ta daɗe tana yaye asistan sosiyal tare da ma'aikatan jinya da ungozomomi. A Damagaram an buɗe wata a shekarun 1970 da sunan ENICAS, mai horar da ƙananan ma'aikatan jinya da mataimakan asistan sosiyal, ita ce daga baya ta zama ENSP ta Damagaram. Mai son zurfafawa sai ya fita waje, musamman Dakar, inda Senegal ta buɗe makarantar wannan fanni tun ƙarshen shekarun 1960.

Sai tattalin arziki ya karye. Kuɗin uraniyom ya faɗi, gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A daidai lokacin ne kuma taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar kafa ƙungiyoyi. Ƙungiyoyin addinin Musulunci da suka yawaita bayan nan, har da irin tamu, ƴaƴan wannan buɗi ne, haka ma ƙungiyoyin agaji masu zaman kansu. Tun daga nan mafi yawan aikin taimakon jama'a ya koma hannun ayyukan wucin gadi, masu kuɗin waje da wa'adin shekara biyu ko uku.

Ba duka ne suka tafi da iska ba, gaskiya. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi. Ba ta zo da kuɗin rabo ba. Ta ɗauki adashin da mata suka sani ta ƙara masa akwati da ƙa'ida da bashi mai dawowa da ɗan asusun taimakon wadda masifa ta faɗa wa. Yau ana yin irinsa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. A ganina ya daɗe ne saboda an fara da tambayar abin da ke hannun mutane kafin a kawo musu wani abu.

Abin da garinmu ya gani

A 1984 fari ya haɗu da rufe iyaka. Gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya a watan Afrilu na shekarar, ba a buɗe ba sai 1986, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar suna El Buhari. Garin da ke rayuwa da hanyar Jibiya ya san ma'anar wannan fiye da kowa.

Amma 2005 ce ta fi koya mana darasi, kuma a kanta nake so in daɗe. Kuɗin tiyar hatsi ya ninka, yara suka yi ta faɗuwa da tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi wa yara fiye da 60,000 magani a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma har nan Ɗan Issa aka buɗe wurin kula da su. Abin da ya ɗaure wa baƙi kai shi ne wurin da abin ya fi tsanani. Kowa ya zaci arewa ce, inda ruwa ke ƙaranci. Sai ga shi kudancin Maraɗi ne, Madarunfa da Gidan Runji da maƙwabtansu, wato rumbun ƙasar. Yaya za a yi yaro ya mutu da tamowa a garin da motoci ke lodin hatsi?

Awon dantse ba zai amsa wannan tambaya ba. Masu binciken zaman jama'a ne suka bi ta, ciki har da na cibiyar LASDEL ta Yamai waɗanda suka zo yankin Madarunfa suka zauna da mutane. Amsar ba ɗaya ba ce. Jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsattsage wajen rabon gado, talaka ya sayar ko ya jinginar da tasa ya koma ɗan ƙwadago a gonar wani. Ya ci bashi da damina, ya biya da hatsi da kaka lokacin da yake araha, ya dawo ya saye shi da tsada da bazara. Mata da yawa sun rasa ƴar gayaunar da a da suke ciyar da yara da ita. Ga yaye na gaggawa in wani ciki ya shiga, ga zazzaɓin cizon sauro, ga kuɗin asibiti. Sannan aka lura da wani abu mai ciwo: da yake gidan da ke da yaro mai tamowa ne ake ba abincin agaji, sai aka wayi gari ana yi wa uwar irin wannan yaro kallon mai sa'a, wadda ɗanta ke da lafiya kuwa ta koma gida hannu banza ga yunwa na jiranta. Ka tuna jaririn da ya yi kuka a zamanin Umar? Ita ce matsalar, bayan shekara fiye da 1,300. Doka mai kyakkyawar niyya, da uwa da talauci ya matse. Wanda bai shiga gida ya zauna ba, zai ce iyayen ne ba su da tausayi ko ba su da wayewa, ya hau mota ya koma.

Daga 2011 gwamnati, da tallafin Bankin Duniya, ta fara ba gidaje marasa ƙarfi sefa 10,000 a wata, jaka goma ke nan, kuma jihar Maraɗi na ciki. Nan ma tambayar faƙiri da miskini ta dawo: wa za a rubuta, wa za a bari? A wurare da dama inda aka yi rabon kuɗi, zargi ya shiga tsakanin maƙwabta, wasu garuruwan ma suka riƙa tattara kuɗin bayan masu rabo sun tafi su sake rabawa yadda suke ganin adalci.

Sauran kun gani da idonku. A Yulin 2018 kwalara ta ɓulla a gundumar Madarunfa. A 2019 ƴan bindiga suka koro mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, zuwa watan Satumba waɗanda suka tsallako jihar Maraɗi sun haura 40,000, akasarinsu mata da yara, kuma gidajen talakawa ne suka fara karɓarsu kafin kowace hukuma ta iso. A 2021 aka samu zinariya a ƙasar Ɗan Issa, dubban mutane suka kwararo daga ko'ina, yara suka bar lakkol da makarantar allo suka nufi ramuka. Ranar 7 ga Nuwamba ramuka suka rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka rasu. Allah ya jiƙansu. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, garin ya cika da mutanen da liman bai san kakanninsu ba: yaron da ya rabu da iyayensa a daji, matar da aka yi wa abin da ba ta iya faɗa wa namiji, gawar da ba a san inda za a kai labarinta ba.

Wa ya yi aikin? Matasanmu sun yi, wallahi sun yi. Su ne masu rubuta sunaye, su ne masu awo, su ne tafinta, su ne ke yawo gida gida a rana. Amma wanda ke tsara aikin, ya sa hannu a rahoto, ya zauna a taron da ake yanke shawara, sau da yawa daga Yamai ya zo ko daga wata ƙasa. In wa'adin aikin ya cika ya tafi da iliminsa da takardunsa, ɗan gari ya koma jiran wani aikin da ɗan kuɗin alawus. Bambancin da ke tsakaninsu ba hankali ba ne, ba kuma sanin mutane ba, don a nan ɗan gari ya fi. Takarda ce da horon da ke bayanta.

Hanyar karatun, da abin da ke cikinta

In kana da bak, hanya mafi kai tsaye a ƙasarmu ita ce sashen aikin sosiyal na makarantun kiwon lafiya, shekara uku, kuma kowace shekara sai ka bi sanarwa don ka san sassan da aka buɗe da sharuɗɗan shiga. Hanya ta biyu jami'a ce. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar André Salifou ta Damagaram suna koyar da ilimin zaman jama'a, wato sosiyoloji. Amma ka lura da kyau: lisans ɗin sosiyoloji na koya maka fahimtar al'umma da yin bincike, ba shi ne takardar asistan sosiyal ba. Mai shi yakan bukaci ƙarin horo na aikin hannu. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke kusa da mu a Maraɗi ta fi ƙarfi a kimiyya da noma da likitanci. A maƙwabta akwai makarantun da aka keɓe wa fannin, INFTS a Burkina Faso, INSFS a Abijan, ENTSS a Dakar. Mai Turancin Ingilishi kuma na iya duba Najeriya, inda Jami'ar Nsukka ta fara koyar da shi tun 1976, kuma a ƙarshen 2022 aka sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu aikin rajista. Sai dai kafin ka kashe kuɗin mahaifinka a waje, ka tabbatar za a amince da takardar in ka dawo gida.

Me ake koyo? Halayyar ɗan Adam tun daga yarinta, dokar iyali da ta yara, kiwon lafiyar jama'a, lissafin ƙididdiga, yadda ake hira da mutumin da ke cikin damuwa ba tare da an yi masa tambayar ƴan sanda ba, da yadda ake rubuta rahoto. Kada ka raina rahoton nan. Tun 1999 Nijar ke da alƙalan yara, an kuma sabunta dokar a 2014. Yaron da aka kama da sata, abin da asistan sosiyal ya rubuta a kan gidansu da halin da ya kai shi na iya zama dalilin da alƙali zai mai da shi hannun iyaye ko wajen koyon sana'a maimakon kurkuku. Kuma kaso mai yawa na karatun a wurin aiki ake yinsa: asibiti, kotu, gidan kaso, wuraren kula da yara. In ka bi hanyar Maraɗi kana wuce Danja, inda mishan ta SIM ke kula da kutare tun shekarun 1950, aka kuma buɗe sashen masu yoyon fitsari a 2012. Likita na ɗinke matar cikin awa biyu. Mayar da ita cikin mutanen da suka guje ta shekara biyar, wannan aikin wani ne dabam, kuma watanni yake ci.

Abu mafi nauyi da ake koyarwa shi ne riƙe sirri, mu kuwa sunansa amana a wurinmu. A nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Ɗaukar hoton gwauruwa tana karɓar buhun shinkafa a watsa a Facebook da WhatsApp don masu ba da kuɗi su gani, ɗalibin shekarar farko a wannan fanni ya san laifi ne. Mu da aka koya wa falalar ɓoye sadaka mun fi cancanta mu sani.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: aikin Nasara ne, ana fakewa da shi a shigo da abin da ya saɓa wa addini da al'ada. Maganar ba ta rasa tushe ba, don an sha kawo tsare-tsaren da aka rubuta a wata duniya, ba a tambayi kowa ba. To amma matsalolin namu ne, ba wanda ya kawo mana su a mota. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matasan matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, kuma jihar Maraɗi na sahun gaba. Almajirai ƙanana na tsallaka iyakar nan kullum, kuma mun ga yadda aka yi ta lodinsu a motoci a 2020 lokacin korona ana mai da su garuruwansu. A Oktoban 2013 mutum 92, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, suka mutu da ƙishirwa a hanyar Aljeriya. Za a yi magana a kan waɗannan abubuwa ko muna wurin ko ba mu nan. Wanda ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala a zaure, ya kuma karanta dokar ƙasa a aji, shi ke iya zama da uban yarinya ya yi masa maganar cutarwa da maslaha da harshen da yake girmamawa, ya juya ya gaya wa mai kuɗin aikin cewa wannan sashe na tsarinku ba zai karɓu a nan ba, ga dalili.

Ke kuma ƙanwata, wannan fanni ya fi bukatarki. Gidajen kulle na da yawa a yankinmu, namiji ba ya wuce zaure, kuma abin da ke cin mace a rai ba a zaure ake faɗinsa ba. In ba mace mai horo da za ta shiga, labarin da zai kai ofis shi ne wanda mai gida ya ga dama ya bayar.

Ba zan ɓoye muku wahalarsa ba. Albashin gwamnati a wannan aiki ba ya gina bene, ɗaukar ma'aikata ba kullum ba ne, kuma bayan karatu akwai hidimar ƙasa da jiran jarrabawar shiga aiki. Na ƙungiyoyin waje ya fi maiƙo amma ba shi da tabbas, ana iya rufe shi da takarda ɗaya, kamar yadda aka dakatar da MSF ta Faransa a Maraɗi a 2008. Ga nauyin zuciya, don kullum baƙin cikin mutane kake kwasa, wani lokacin kuma ka san maganin amma babu kuɗin yinsa. A ƙaramin gari akwai ƙarin jarrabawa: wanda za ka bincika ɗan'uwanka ne, wanda ke son ka sa sunansa a takardar rabo surukinka ne.

Ƙungiyarmu na iya fara nata tun kafin wani ya dawo da takarda. Jerin sunayen da muke rabon azumi da layya da shi, a sake duba shi gida gida, mata su shiga wajen mata, a rubuta ranar ziyara da abin da aka tarar, a ajiye littafin a hannun mutum biyu amintattu. A daidaita da sauran masallatai da ƙungiyoyi don kada gida ɗaya ya karɓa sau uku. Cikin kuɗin da muke tarawa kuma a ware wani abu, ko da kuɗin mota da rajista ne, ga ɗalibi ɗaya da ɗaliba ɗaya da suka ci bak suka zaɓi wannan fanni, da sharaɗin duk hutu su zo su yi aiki da kwamitin marayu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya da suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya, ya ba ɗalibanmu sa'ar jarrabawa.